Hawan jini da takardar lafiyar matuƙin jirgi

Tambaya: Likita, ni matuƙin jirgin sama ne a Kaduna, shekaruna 42, kuma watan gobe zan sabunta takardar lafiyata ta aji na ɗaya, wadda ake buƙata daga matuƙan jiragen kasuwanci. An auna jinina an samu 150/95. Wani abokin aikina ya ce in haɗiyi ƙwayar rage hawan jini daga kemis ranar gwajin in yi shiru. Ina tsoron a karɓe lasisina.

Amsa: Kyaftin, ka kwantar da hankalinka, domin hawan jini da aka shawo kansa ba ya raba mutum da tuƙi, kuma akwai matuƙa da yawa da ke shan magani irin su amlodipine ko lisinopril da sanin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Abin da aka saba yi shi ne a dakatar da kai na ɗan lokaci idan ka fara magani, har a tabbatar jinin ya daidaita kuma maganin bai sa maka jiri ba.

Amma shawarar abokin nan naka, wallahi na gaji da jin irinta, daga ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya har manyan kyaftin. Mutane sun ɗauka likitan jiragen sama ma'aunin jini kawai yake dubawa. Ba haka ba ne: ana ɗaukar awon bugun zuciya, ana leƙa jijiyoyin cikin ido, ana gwada fitsari, kuma jinin da ya daɗe yana hawa yakan bar sawunsa a waɗannan wurare, ƙwaya guda ba ta share shi. Sannan mai kemis bai san dokar sama ba, yana iya miƙo maka methyldopa, wanda ba a yarda matuƙi ya sha ba saboda yana kawo barci da kasala, balle jiƙe-jiƙen masu talla da lasifika waɗanda ba wanda ya san abin da ke cikinsu. A fom ɗin gwajin lafiyar kuwa za ka sa hannu cewa ka faɗi gaskiya, ranar da aka gano ka ɓoye, ƙaryar ce za ta ci lasisin, kuma kamfanin inshora na iya juya maka baya.

Kada ka jira ranar gwaji. Ka je wurin likitan da NCAA ta ba izini tun makon nan, ɗauke da awon jininka na safe da yamma na kwana bakwai.