Da gaske an hana sayar da ƙwan cakulan mai abin wasa a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara huɗu ba ya bari mu fita daga babban kanti lafiya, sai ya kwanta yana birgima a sayo masa Kinder Joy, wannan ƙwan roba mai cakulan da ɗan abin wasa. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce can an hana sayar da shi. Ko akwai abin cutarwa ne a ciki? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ƙanenki ya ji ƙamshin magana, sai dai ƙwan da aka hana daban yake da wanda kike saye.

Kamfanin Ferrero na Italiya, mai yin Nutella, ƙwai iri biyu yake yi. Na farko shi ne Kinder Surprise, ya fito a 1974. Ɓawonsa cakulan ne, in an fasa sai a tarar da ƙoƙon roba ruwan ɗorawa kamar gwaiduwa, abin wasan yana ciki. Wannan ne Amurka ta hana, har jami'an kwastam kan karɓe shi daga hannun matafiya. Dokarsu ta abinci da magunguna ta 1938 ta haramta sayar da alewar da aka cusa wa abin da ba a ci, don kada yaro ya shaƙe. Kin ga dokar ta girmi ƙwan da shekara 36, kuma hanin ƙwan ba batun guba ba ne.

Naki kuwa ya fito ne a 2001. Ki duba shi da kyau: ɓari biyu ne, kowanne an liƙe bakinsa. Ɗaya na ɗauke da kirim na madara da koko, da 'yan dunƙule biyu masu ƙaras-ƙaras, ɗayan kuma abin wasa ne da ɗan cokali. Tun da an raba musu ɗaki, dokar ba ta hau kansa ba, kuma tun 2018 ana samunsa ko'ina a kantunan Amurka. Shi ne ya fi yawa a wajenmu saboda yana jure zafi. Ƙwan da ɓawonsa cakulan ne ba zai kai labari ba a shagon Kano cikin watan Afrilu, ga kuma ɗauke wuta.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne birgimar nan. Abin da ke cikin ƙwan giram 20 ne kacal, kuɗinsa kuma zai cika miki leda da gullisuwa ko tuwon madara. Ki lura da yaron in kin ba shi: ɓarin abin wasan yake fara ɓarewa, wani lokaci ma ya manta da cakulan ɗin. Ɗokin sanin me zai fito ake sayar masa. Ana kuma yin kayan wasan jeri-jeri, in ya samu mota yau, gobe sai ya ce saura jirgi. Shi ya sa ake jera ƙwan dab da wurin biyan kuɗi, daidai tsayin idon yaro, lokacin da uwa ta gaji kuma mutane na kallonta.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1912 masu gugguru mai zaƙi na Cracker Jack a Amurka suka fara saka 'yar kyauta a kowane kwali, cingam ɗin Bazooka kuma ya shahara da 'yar takardar zanen barkwanci da ke naɗe da shi. Mu ma da muka taso da carbin malam da hanjin ligidi, ai suna da siffa suka fara jan mu kafin zaƙi. Bambancin kawai, mai tallan unguwa ba ta da kuɗin talabijin. Ƙasar Chile ta ɗauki abin da zafi: dokarta da ta fara aiki a 2016 ta hana haɗa abin wasa da abinci mai yawan sukari ko mai, sai Kinder Surprise ya bar kantunanta. A ganina sun yi daidai.

Ɗan shekara huɗu zai iya ci jefi-jefi, a goge masa haƙori kafin barci. Amma a jikin ƙwan an yi gargaɗin kada a ba wanda bai kai shekara 3 ba abin wasan. In yana da ƙane mai rarrafe, ki tsince 'yan tayoyin nan da ƙananan guntaye daga kan tabarma, domin baki suke nufa. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC kafin ki biya. Maganar birgima kuwa, tun a gida za ku gama ta: ki ce masa yau babu ƙwai, sai Juma'a, in Juma'ar ta zo ki cika alkawari.