Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin Harsuna a Sojan Ruwan Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zaune a Amurka yana jin Larabci sosai, yana son shiga sojan ruwansu ta ɓangaren harsuna. Shin aikin ɗaya ne da na masu rediyon jirgi? Kuma Larabcin nasa ya wadatar? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikis salam, Malama. Aikin ba ɗaya ba ne, ko da yake maƙwabtan juna ne. Mai sadarwa shi ke aikawa da karɓar saƙon jirginsu. Rediyon gajeren zango, VHF, ba ya wuce inda eriya ke hangowa, kuma tasha ta 16 ta kiran farko ce da neman agaji. Mai nisan zango kuwa, HF, sararin sama ke dawo da shi ƙasa, shi ya sa ake hawa mita, wato yawan megahaz, da rana, a sauko da dare. Sau da yawa in saƙo ya ƙi fita, gishirin teku ne ya ci mahaɗin eriya.

Mai harshe shi saurare ne aikinsa: ya ji maganar wasu, ya rubuta, ya fassara. Dole ne ya kasance ɗan ƙasar Amurka, a kuma binciki tarihinsa kafin a ba shi izinin ganin sirri. Akwai jarrabawar DLAB, wadda ake yi da ƙagaggen harshe don a auna saurin kama ƙa'ida, saboda haka Larabcinsa ba zai cece shi a nan ba. Bayan horon farko a jihar Ilinoi, sai makarantar harsuna ta soja da ke Montere a Kalifoniya, inda kwas ɗin Larabci ke ɗaukar mako 64. Kuma ba lallai a ba shi Larabcin ba, buƙatar runduna ce ke gaba.

Inda gwanaye ke tuntuɓe shi ne kunne. Larabcin littafi daban, na matuƙin kwalekwale da ke magana cikin gaggawa da karin garinsu, ga ƙugin inji ga shuuu na rediyo, daban. Lambobi sun fi komai cin mutum: Balarabe kan faɗi biyar kafin ashirin in yana nufin 25, hannu ya yi saurin rubuta 52, wurin jirgi ya kauce gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce abin da ba ka ji ba ka nuna ba ka ji ba, kada ka cike gurbi da zato.

Ki ce masa ya fara sauraren hirar Misirawa da ta Iraƙawa, yana rubuta kowace lamba da ta faɗo.