Amsa kan yawon keke a fadamun Kamarg

Malam Sani, ka ce ƙaninka da ya tafi karatu birnin Mompeliye na kudancin Faransa daga nan Gombe yana son yawon keke a Kamarg, wace hanya zai bi? Kamarg wurin da kogin Ron ke shiga Bahar Rum ne, duk fadama ce da gonakin shinkafa da tafkunan gishiri, babu tudu ko ɗaya.

Ni dai shawarata ya fara da ganuwar da aka gina ta tare ruwan teku, wadda ta tashi daga garin Saintes-Maries-de-la-Mer ta nufi gabas. Mota ba ta bi. Tsakuwa ce da burji, wani wurin yashi ya rufe hanya, sai ya sauka ya tura keken. Tsuntsayen filamingo na nan tsaye cikin ruwa dab da shi.

Ya tabbatar faɗin taya ya kai milimita 40, siririya nutsewa take yi. Ya cika gora da ruwa, babu shago babu inuwa. Iskar mistiral daga arewa take kaɗawa, ta fi ta hunturunmu ƙarfi, ya duba hasashen yanayi kafin ya fita. Afrilu ko Oktoba ya fi, don lokacin zafi sauro ba ya ɗaga ƙafa. Allah ya kiyaye hanya.