Hukuncin Kafa Bishiyar Kirsimeti a Gidan Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jamus da iyalina, kuma yarana sun matsa mini in kafa musu bishiya mai fitilu a falo irin ta maƙwabta. Wani abokin aikina ya ce bukukuwan hunturu sun girmi Kiristanci, don haka al'ada ce kawai. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, akwai gaskiya a maganar abokin aikinka, sai dai ba ta zama hujjar halacci ba. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Romawa suna bikin Saturnaliya daga 17 ga Disamba don girmama gunkinsu Satun, suna ba juna kyautar kyandir da 'yan mutum-mutumi na yumɓu, bayi kuma su ci abinci tare da iyayengijinsu. Mutanen arewacin Turai suna da nasu bikin Yul, na yanka da shaye-shaye. Sarkin Romawa Aureliyan ya gina wa rana ɗakin bauta a Rum a shekarar 274 Miladiyya, kuma masana tarihi sun yi saɓani kan ko daga bikin ranar aka ɗauko 25 ga Disamba a matsayin ranar Kirsimeti. Ita kuwa bishiyar da ake ƙawatawa, Kiristocin ƙasashen Jamusawa ne suka fito da ita a ƙarni na 16.

Idan an ce tushen bikin bautar gumaka ne, to haramcin ya ƙara ƙarfi ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen yanka raƙuma a wani wuri da ake kira Buwana, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko an taɓa bautar gunki a wurin, ko ana yin wani idin jahiliyya a can. Sai da aka ce a'a ya ba shi izini. Wurin da aka daina bikin ma an yi tambaya a kansa, balle alamar bikin da ake kan yi.

Saboda haka bai halatta ka kafa ta ba. Amma ina tausaya wa yaran nan da ke leƙen fitilun maƙwabta ta taga, don haka kada ka sallame su da tsawa. Ka yi musu bayani cikin taushi, ka ƙawata musu gida da fitilu da kyaututtuka a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Cin hutun aiki da kyautata wa maƙwabta Kirista duk halal ne, kamar yadda aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana ta nuna. Allah ne Mafi sani.