Amsa ga ɗan'uwan da ya rasa abokin karatunsa a hatsarin mota

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce abokinka da kuka yi sakandare tare ya rasu a hatsarin mota mako biyu da suka wuce, ba ka samu jana'iza ba saboda kana nesa, kuma har yau ka kasa taka ƙafa gidansu don gudun kada ka fama wa mahaifiyarsa miki. Ka kuma tambaya ko kukan da kake yi ya saɓa wa haƙuri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na ɗanɗani irin wannan ɗaci shekara 9 da suka wuce, shi ya sa ba zan tsaya a kan ta'aziyya kawai ba.

Ni da nawa abokin 'yan ƙasar Gaya ne, ƙauyukanmu na kallon juna. Shekara shida muka yi a makarantar kwana a kan gado ɗaya mai hawa biyu, shi a ƙasa ni a sama, kuma a akwati ɗaya muke ajiye garin kwaki da ƙuliƙulin da innarsa take aiko masa. Bayan mun rubuta WAEC na tafi kwalejin ilimi na zama malamin firamare, shi kuwa ya koma gida ya riƙe gona da kiwon raguna. Wata Juma'a ya kai raguna biyu kasuwar Wudil ya sayar, da almuru ya shigo wata Golf da aka cika maƙil da mutane da kaya. A hanya taya ta fashe, motar ta ƙwace wa direba ta wuntsila, mutum uku suka cika nan take, har da shi.

Ina can ƙasar Ringim wajen aiki, wayata ta kwana ba caji. Da na kunna ta washegari, ba kiran wani ɗan'uwa na fara samu ba, hoton motar na fara gani yana yawo, ga mutane kwance a bakin titi an lulluɓe su da ganye, na kuwa shaida shi da hular da na san ya fi so. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Ina roƙon duk mai karanta wannan da ya ji tsoron Allah ya daina yaɗa irin waɗannan hotuna, domin mamaci yana da alfarma, kuma yana da uwa da mata waɗanda wayar za ta iya faɗawa hannunsu. Wanda ya iske hatsari yana da abin yi da wayarsa wanda ya fi ɗaukar hoto, wato kiran lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.

Game da kuka, hankalinka ya kwanta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganganun jayayya da ƙaddara. Kwana ukun da ake faɗa iyaka ce ta zaman nuna alhini, ba wai a rana ta huɗu zuciya za ta daina zafi ba ne. Ni na fi wata shida ina ganinsa a mafarki da kayan makaranta.

Inda na yi kuskure shi ne inda kake shirin yi. Kunyar rashin samun jana'iza ta sa na je gaisuwa a tsaitsaye cikin taron maza a ƙofar gida, na gaisa da Baba, ban shiga wajen Inna ba, na koma bakin aiki ina ce wa kaina sai hankali ya kwanta. Kusan wata biyu na yi ban koma ba. Ranar da na yi ta maza na je, an daɗe da naɗe tabarmin zaman makoki, zaure ba kowa sai Baba da carbinsa. Na iske Inna a tsakar gida tana gyaran gero a faifai. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, sai yau? Kowa ya zo, kai kaɗai nake ta duban hanya." Ban iya ce mata komai ba, na durƙusa ina kuka, ita ce ma ta koma ba ni haƙuri. Mikin da nake tsoron famawa bai taɓa rufewa ba balle in fama shi, rashin zuwana ne ya ƙara mata wani. A kwana ukun farko gida cike yake da jama'a har ba a san wanda ya zo da wanda bai zo ba, amma bayan an watse, lokacin da kai kake ciki yanzu, shi ne lokacin da sallamar mutum ɗaya take da nauyi.

A ranar ta shiga ɗaki ta ɗauko wata baƙar leda da aka kawo daga wurin hatsarin. Takalman roba ne na yara ƙafa biyu da sandar sabulu, sayayyar da ya yi wa gida, sai wani ɗan littafi da yake rubuta lissafinsa. Ba wanda ya buɗe littafin, domin ita da Baba ba su karanta boko. Da na duba sai na ga ana binsa kuɗin buhun taki biyu da na dusa, shi ma yana bin wasu mutum uku. Ka fara da wannan in ka je, ka tambaya cikin ladabi ko ya bar bashi, domin masu bi sukan ji nauyin yin magana a gaban iyaye. Ka tuna Annabi ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin dinari biyu har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Na kira 'yan ajinmu, wanda ke Kano da wanda ke Dutse da wanda ke ci-rani a Legas, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka biya kafin sati ya zagayo.

Matarsa tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta faɗa, ga damina ta kama, ga gonar da ya share bai kai ga shukawa ba. Mu da ke kusa muka yi gayya muka shuka, muka yi noman fari da maimai, gero ya shiga rumbu a wannan shekarar. Direban ya rayu da karaya, kuma na daɗe ina jin haushinsa saboda lodin da ya yi, amma Baba ya ce ya yafe diyya, abin da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bar wa iyalan mamaci zaɓi a kai. Ganin mai ɗa ya yafe, sai na ji kunyar ci gaba da riƙo.

Saboda haka ka shirya ka tafi cikin makon nan, kada ka jira sai ka tara abin kai wa, ko goro da sukari sun isa. Ka fara zama da mahaifinsa a zaure, ka roƙi wani ya raka ka maƙabarta ka yi masa addu'a, sannan ka nemi iso wajen mahaifiyarsa. Kuma ka tafi mata da abin da kai kaɗai kake da shi. Iyayensa sun san shi a gida, amma shekara shidan makaranta a hannunka suke. Ni na ba Inna labarin daren da wani ƙaramin ɗalibi ɗan aji ɗaya ya kwanta da zazzaɓi, ɗanta ya goya shi cikin ruwan sama har ɗakin shan magani, ya kuma yi ta wanke masa kaya har ya warke, bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Sau uku ta sa na maimaita mata a zaman nan. Babban ɗansa yanzu ya shiga sakandare, 'yan ajinmu ne ke haɗa masa kayan makaranta, kuma duk Sallar da na je gaishe ta sai ta kira yaron ta zaunar da shi kusa da ni, ta ce in sake ba da labarin goyon daga farko.