Likita ɗaya ne a asibitinmu, mu bari ya yi wa Baba tiyata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina na da gwaiwa, takan sauko ta koma. Likitan ƙaramin asibitinmu, wanda ke duba masu zazzaɓi da masu ciki, ya ce shi zai yi aikin. Mu yarda, ko mu kawo Baba Kaduna?
Mai karatu daga yankin Kachiya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. A karkara haka aikin yake: likita ya ga marasa lafiya da safe, ya shiga tiyata da rana. Da yawansu hannunsu ya faɗa a aikin gwaiwa da ciro jariri. Abin da ya fi damunmu shi ne kayan aiki da mutanen da ke tare da shi.

Ki tambaya, cikin ladabi, wa zai tsaya a kan Baba. Dole a samu mai ba da maganin barci daban, don mai riƙe da wuƙa ba ya iya lura da numfashi. Allurar kashin baya, wadda ke sa ƙasan jiki ya daina jin zafi, kan saukar da bugun jini cikin mintoci, saboda haka sai da ƙarin ruwa, oksijin, da na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin a jini. Ki tambayi wuta ma, janareta ko sola.

Kayan aiki kuwa, tafasawa kaɗai ba ta isa. Turara su ake yi a zafin digiri 121. Allurar rigakafin ƙwayoyin cuta cikin minti 60 kafin yanka ake yin ta. A ƙirga auduga da almakashi kafin ɗinki. Wasu daga cikin waɗannan na cikin jerin abubuwa 19 na dubawa lokacin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008.

Baba ya bar abinci awa 6 kafin aiki. A auna hawan jini da suga, a magance tari ko wahalar fitsari, don yunƙuri na dawo da gwaiwa. In yana da ciwon zuciya, ko an taɓa aikin ta dawo, a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya.

Amma ranar da gwaiwar ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo da amai, hanji ne ya shaƙe, kuma hanjin na iya mutuwa cikin 'yan awoyi. Kada a danna, kada a ba shi jiƙo ko abinci. A kai shi ɗakin tiyata mafi kusa, ko da tsakar dare ne.