Tseren kwalekwale na mutum biyu: yaya ake cinsa?

Tambaya: Malam, na ga tsohon bidiyon Olamfik, maza biyu cikin kwalekwale ɗaya suna ratsa sanduna a ruwa mai ƙarfi. Yaya ake cin wasan? Mai karatu, Jos.

Amsa: Lokaci ake ƙirgawa. A durƙushe suke tuƙi, kowa da filafili mai baki ɗaya, wannan dama, wancan hagu. Ƙofofi, wato ratar da ke tsakanin sandunan, 18 zuwa 25 ne: koriya a bi ruwa, ja a juyo a haura. Taɓa sanda, ƙarin daƙiƙa 2. Rashin shiga ƙofa, ƙarin daƙiƙa 50, kuma dole kawunansu biyu su shige. A jar ƙofa akan tafka kuskure: na gaba ya yi gaggawar juyawa, gindin kwalekwalen ya daki sanda. Bayan gasar Riyo ta 2016 aka cire wannan tsere na mutum biyu daga Olamfik.